Maganin Homiyofati da Dokar Hana Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasanni

Gabatarwa

A shekarar 1904, a wasannin Olamfik da aka yi a birnin St. Louis na Amurka, wani mai gudu da ake kira Thomas Hicks ya jigata tun da sauran tafiya mai nisa a gudun yada-ƙanin-wani. Sai mutanen da ke biye da shi suka ba shi sitirikinin a cikin farin ƙwai har sau biyu, suka ƙara masa da barasa. Shi kuwa sitirikinin dafi ne wanda ake kashe ɓeraye da shi, amma ɗan kaɗan daga cikinsa yana zaburar da jijiyoyin jiki. Hicks ya zo na ɗaya da kyar, aka ba shi lambar zinariya, ba wanda ya ga laifinsa, domin a lokacin babu wata doka da ya karya. Bayan shekara 112, watau a 2016, a wasannin birnin Rio na Barazil, Izzat Artykov na ƙasar Kirgizistan ya ci lambar tagulla a ɗaga nauyi. Da aka auna fitsarinsa aka sami sitirikinin, sai aka karɓe lambar.

Wannan dafi yana fitowa ne daga ƙwallon wata itaciya ta Indiya da ƙasashen da ke gabas da ita. Daga wannan ƙwallo kuma ake yin ɗaya daga cikin magungunan homiyofati da suka fi yaɗuwa, wanda ake kira Nux vomica, ana sayar da shi a kantunan magani na Jamus da Faransa da Indiya don ɓacin ciki da makamantansa. Ba ana nufin wannan magani ne ya ja wa Artykov ba. Abin nufi shi ne, ga dafin da doka ta hana, ga kuma kwalbar da ke ɗauke da sunan tushensa a kan kanta. To, ɗan wasan da ya sha abin da ke cikin kwalbar, ya karya doka ko bai karya ba? Wannan ita ce tambayar da wannan lacca ta sa a gaba. Amsarta tana rataye ne a kan abu uku: lambar da aka rubuta a jikin kwalbar, da gaskiyar wanda ya rubuta ta, da kuma hanyar da maganin ya bi ya shiga jiki.

Asalin Homiyofati

Wanda ya ƙago wannan hanya ta magani wani likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a garin Meissen a 1755, ya rasu a Faris a 1843. Likitancin Turai na zamaninsa mai tsanani ne ƙwarai. Akan zubar wa majinyaci da jini mai yawa, a ba shi maganin zawo da na amai, har da masu zaiba a ciki, sau da yawa maganin ya fi cutar lahani. A 1790, yana cikin fassara littafin wani likitan Sikotilan mai suna William Cullen, sai ya gwada shan ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwinin na zazzaɓin cizon sauro. Ya ba da labarin cewa ya ji alamomi irin na masu zazzaɓin. Daga nan ya tsai da ra'ayin cewa abin da ke jawo alamun cuta ga mai lafiya, shi ne zai warkar da mai irin waɗannan alamu. Ya bayyana ra'ayin a rubuce a 1796, sa'an nan ya fitar da babban littafinsa, Organon, a 1810.

Da yake da yawa daga abubuwan da yake aiki da su dafi ne, sai ya shiga sirka su da ruwa ko barasa, yana girgiza kwalbar da ƙarfi bayan kowane sirki. A ƙarshe ya kai ga imanin cewa yawan sirki da girgiza ƙara wa magani ƙarfi suke yi. A nan ya kamata a rarrabe homiyofati da maganin gargajiya na saiwa da sassaƙe da ganye, domin kama da wane ba wane ba ne. Mai maganin gargajiya yana jiƙa saiwa ne don abin da ke cikinta ya fito a sha. Mai homiyofati kuwa da irin wannan tsimi yake farawa, ana iya kiransa uwar tsimi, sa'an nan ya yi ta sirka shi har ya ɓace.

Lissafin Sirki

Duk kwalbar homiyofati tana ɗauke da harafi da lamba. Harafin D, ko X a wasu ƙasashe, yana nufin an ɗauki kashi 1 an zuba cikin kashi 9, watau an sirka sau goma. Harafin C yana nufin kashi 1 cikin 99, watau sau ɗari. Lambar kuma tana nuna sau nawa aka maimaita aikin. Saboda haka D3 kashi 1 ne cikin 1,000, D6 da 3C kuwa duk kashi 1 ne cikin miliyan.

In an kwatanta da ɗigo guda, abin ya fi saurin shiga kai. D3 kamar ɗigo ɗaya ne a cikin babban cokali uku da 'yan kai na ruwa. D4 ɗigo ɗaya ne a rabin lita. 3C ɗigo ɗaya ne a lita 50. In an kai 6C, ɗigon yana cikin ruwan da zai cika tafkin ninƙaya na Olamfik guda 20. In an kai 12C kuwa, ruwan ya ninka na Bahar Rum duka fiye da sau goma.

A daidai nan ilmin kimiyya yake sa baki. Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra masu adadi, ba ya rabuwa har abada. Giram 18 na ruwa, alal misali, yana da ƙwayoyi kimanin 6 da sifiri 23 a bayansa. Wannan shi ne adadin da aka raɗa wa sunan Avogadro, ba a kuwa fara kintatar girmansa ba sai a 1865, bayan rasuwar Hahnemann. Sirkin 12C, ko D24, kashi 1 ne cikin 1 mai sifiri 24. Ke nan daga wannan mataki zuwa sama, galibi ba a sa ran samun ko ƙwayar zarra guda ta abin da aka fara da shi. Sirkin 30C, wanda ake yawan sayarwa, sifiri 60 gare shi. Abin da ke cikin irin wannan kwalba ruwa ne da barasa, ko kuwa 'yan ƙwayoyin sukari da aka ɗiga musu ruwan.

Asalin Dokar da Ƙa'idarta

Dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari daga asarar rai ta samo asali. Ran 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson, ɗan tseren keke na Ingila, ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux yana cikin babbar tseren Faransa, aka sami ƙwayar amfetamin a jikinsa. A shekarar ne Kwamitin Olamfik na Duniya ya tsara jerin abubuwan da ya hana, aka fara awon 'yan wasa a 1968. Wanda aka fara kamawa, a birnin Meziko, wani ɗan Suwidin ne, Hans-Gunnar Liljenwall, wanda ya sha giya don hannunsa ya natsu kafin harbin bindiga. Bayan abin kunyar Ben Johnson a Seoul a 1988, da na ƙungiyar keke ta Festina a 1998, sai aka kafa hukuma guda ta duniya, watau WADA, a birnin Lausanne a 1999, hedkwatarta kuma tana Montreal ta Kanada. Kundin dokokinta ya fara aiki a 2004. A 2005 gwamnatoci suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin UNESCO don mara masa baya, Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita.

Kowace shekara hukumar takan sabunta jerin abubuwan da aka hana, sabon jeri ya fara aiki ran 1 ga Janairu. Ana duba sharaɗi uku: ko abu yana ƙara ƙwazo, ko yana da haɗari ga lafiyar ɗan wasa, ko ya saɓa wa mutuncin wasa. Wanda ya cika biyu daga cikin ukun ana iya sa shi a jerin, haka kuma abin da ke ɓoye wani haramtaccen abu a jiki. Sunan homiyofati ba ya cikin jerin, domin jerin sinadarai da hanyoyi yake lissafawa, ba ya lissafa makarantun likitanci.

Ginshiƙin dokar shi ne cewa kowane ɗan wasa shi ke ɗauke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa. Ba sai an tabbatar da cewa ya yi niyya ba, ko ya yi sakaci, ko ma ya san ya sha. Da zarar awo ya nuna, laifi ya tabbata, sakamakon wasan da aka yi awon a cikinsa ya rushe. Niyya da uzuri sai wajen yanke tsawon dakatarwa ake duba su. Wanda ya yi da gangan yakan sami shekara 4, wanda bai yi da gangan ba shekara 2, ana kuma iya ragewa har zuwa gargaɗi kawai in ya nuna hanyar da abin ya shiga jikinsa ba da wani babban sakaci nasa ba.

Misalai biyu sun isa nuna tsananin wannan ƙa'ida. A Munich a 1972, Rick DeMont na Amurka, yana da shekara 16, ya ci zinariya a ninƙayar mita 400, aka karɓe ta saboda efedirin da ke cikin maganin asmarsa, alhali ya gaya wa likitocin tawagarsu yana shan maganin. A Sydney a 2000, Andreea Răducan ta Romaniya, ita ma tana da shekara 16, ta rasa zinariyarta ta wasan alkafura saboda ƙwayar mura da likitan tawagarsu ya ba ta. Kotun wasanni ta yarda ba ta yi niyyar maguɗi ba, amma ba ta mayar mata da lambar ba.

Inda Biyun Suka Haɗu

'Yan wasa da yawa suna neman homiyofati ne daidai saboda tsoron wannan doka, suna ganin mai sauƙi ne, ba ya jawo rigima. Har a manyan ƙungiyoyi ana amfani da shi. Hans-Wilhelm Müller-Wohlfahrt, wanda ya daɗe yana likitan Bayern Munich da tawagar ƙwallon Jamus, ya shahara da yi wa tsokar da ta ji rauni allurai masu haɗin homiyofati, Usain Bolt ma yana cikin waɗanda suka riƙa zuwa wurinsa. To, ta ina haɗari yake shigowa?

Ƙofa ta farko ita ce sirki mai kauri. Uwar tsimi da D1 da D2 da D3 da D4 duk ana sayar da su da sunan homiyofati, amma kuwa akwai sinadari na haƙiƙa a cikinsu. Ɗakunan awon da hukumar ta amince da su suna iya gano kashi 1 cikin miliyan dubu na giram a ɗan fitsari kaɗan, wasu abubuwan ma ƙasa da haka. Nux vomica mai kauri yana ɗauke da sitirikinin, wanda aka hana a lokacin gasa. Tsiron efedira, wanda shi ma ake yin maganin homiyofati da shi, yana ɗauke da efedirin, wanda ke zama laifi in ya haura maikirogiram 10 a mililita ɗaya ta fitsari. Ko zai bayyana a awo ya danganta ne ga kaurin sirkin, da yawan abin da aka sha, da kusancinsa da ranar gasa. Nux vomica 30C da Nux vomica D2 sunansu ɗaya, amma ɗaya sukari ne, ɗaya kuwa akwai dafi a cikinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce abin da takardar jikin kwalba ba ta faɗa ba. Duk lissafin da ya gabata yana tsayawa ne in mai haɗa maganin ya yi yadda ya rubuta. A 2017 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta bayyana cewa ta auna wasu ƙwayoyin homiyofati da ake ba jarirai masu haƙori, ta tarar da dafin tsiron beladona a cikinsu bai daidaita ba, a wasu ya zarce abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Tun a 2009 ta yi gargaɗi a kan wani maganin hanci mai sunan homiyofati, bayan mutane fiye da 130 sun kai ƙarar sun daina jin ƙamshi. Ruwa ba ya tsami banza: in maganin da ake cewa an sirke shi ya yi aiki mai ƙarfi a jiki, to, akwai wani abu a ciki.

Wannan ciwo ya fi ƙamari a kasuwar abubuwan ƙarin gina jiki, wadda galibi a kanti ɗaya take da ta homiyofati. Ɗakin awo na birnin Kolon a Jamus ya sayi irin waɗannan kaya guda 634 daga ƙasashe 13 a tsakanin 2000 da 2001, ya tarar da 94 daga ciki, watau kusan kashi 15 cikin 100, suna ɗauke da sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Akwai kuma sinadarin metilhekzanamin, wanda aka riƙa sayarwa a cikin irin waɗannan kaya da sunan man wani fure. Shi ne aka samu a jikin Damola Osayomi ta Nijeriya a wasannin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila a Delhi a 2010, ta rasa zinariyar mita 100. Darasin ya shafi duk wani haɗi da ake tallarsa da cewa na ganye ne zalla, na kanti ne ko na kasuwa.

Ƙofa ta uku ita ce suna da niyya. Akwai kayan da ake sayarwa da sunan sinadaran jiki da aka hana, a liƙa musu kalmar homiyofati. A ƙarshen 2011 hukumomin Amurka sun aika wa kamfanoni 7 takardar gargaɗi a kan ɗigon rage ƙiba mai sunan HCG, sinadarin da aka hana wa 'yan wasa maza a kowane lokaci. Kundin dokar bai tsaya ga abin da aka samu a fitsari kaɗai ba. Ya hana amfani da haramtaccen abu, ya kuma hana yunƙurin amfani da shi, ya ce ba a duba ko abin ya yi aiki ko bai yi ba. Wanda ya miƙa hannu ga kwalba mai irin wannan suna don ƙarin ƙarfi ya kai kansa bakin rami, ko me ke cikin kwalbar.

Ƙofa ta huɗu ita ce hanyar shiga jiki. Doka ta hana ƙarin ruwa ko allura ta jijiya da ta wuce mililita 100 a cikin awa 12, ko da ruwan gishiri ne tsantsa, sai dai a jinyar asibiti ko tiyata ko binciken cuta. Hukumar tseren keke ta duniya ta kafa dokar hana allura ba da larura ba a 2011, Kwamitin Olamfik ya bi sahu a wasannin London na 2012. Daga 2022 kuma an hana duk allurar magungunan kumburi na dangin kotizon a lokacin gasa. Saboda haka ɗan wasan da aka ce za a yi masa allurar homiyofati, tilas ne ya tambayi abin da aka haɗa a cikin sirinjin duka, da yawansa, da inda za a soka.

Akwai abubuwa biyu da a da suke cikin jerin amma aka fitar da su. Barasa, wadda ake yin ɗigon homiyofati da ita, an hana ta a 'yan wasanni kamar harbin baka da tseren mota har ƙarshen 2017, daga nan aka bar wa kowace hukumar wasa ta tsara nata. Sai kafeyin, wanda ke cikin gahawa da goro, ake kuma yin maganin homiyofati da ɗanyar gahawa. A da laifi ne in ya haura maikirogiram 12 a mililita ɗaya ta fitsari, amma an cire shi a 2004, sa ido kawai ake yi a kansa.

Shin Yana da Amfani ga Ɗan Wasa?

Tun da akwai haɗari, ya kamata a auna shi da amfanin da ake nema. Ɗaya daga cikin magungunan da 'yan wasa suke sha shi ne anika, don ƙujewa da tsamin jiki. A 1998 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila a kan ɗaruruwan masu dogon gudu. An ba wasu anika mai sirkin 30X, an ba wasu maganin wofi, watau ƙwayar da ba kome a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda ya sha ba. Ba a sami wani sauƙin tsamin jiki ga masu shan anika ba. A 2010 kwamitin kimiyya na Majalisar Wakilai ta Birtaniya ya yanke cewa homiyofati bai fi maganin wofi ba. A 2015 majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta ce babu wata cuta da aka sami amintacciyar shaida cewa yana maganinta. Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun farkon 2021.

Duk da haka, masu cewa sun ji daɗinsa ba lalle ƙarya suke yi ba. Yawancin ƙananan raunuka da kansu suke warkewa, sai a ba abin da aka sha a lokacin lada. Sa'an nan zuciya tana da nata aiki. A 1972 masana biyu a Amurka, Ariel da Saville, sun ba wasu masu ɗaga nauyi maganin wofi, suka ce musu ƙwayar gina tsoka ce, sai ƙarfinsu ya ƙaru fiye da yadda yake ƙaruwa kafin nan. Doka ba ta iya hana irin wannan, domin ba a auna imani a fitsari. Amma akwai asara a ɓoye. Ɗan wasan da tsokarsa ta yage ko ƙashinsa ya tsage, ya tsaya shan ƙwayar sukari har mako ya wuce, ya ɓata lokacin da ya kamata likita ya duba shi.

Kammalawa

Abin da duk wannan bayani ya nuna shi ne, maganin homiyofati a gaban dokar wasanni ɗayan biyu ne. In an sirke shi da gaske yadda aka rubuta, har ya wuce 12C, babu abin da awo zai gani, babu kuma sinadarin da zai yi wa tsoka aiki. In kuwa akwai abin da zai yi aiki, to, wannan abin shi ne awo zai iya kamawa, ɗan wasa kuma shi zai ɗauki alhakinsa, ba mai kanti ba, ba mai horar da shi ba.

Saboda haka akwai matakan da suka wajaba a kansa. Ya karanta sunan tushen maganin da harafinsa da lambarsa, ya guji uwar tsimi da ƙananan lambobi. Ya nisanci duk kwalbar da ke ɗauke da sunan abin da aka hana, da wadda ba a rubuta abin da ke cikinta ba. Ya nuna wa likitan da ya san jerin na bana, ba na bara ba. In yana da cuta ta haƙiƙa wadda maganinta ke cikin jerin, akwai hanyar neman izini na larura tun kafin gasa. Ranar awo ya rubuta duk abin da ya sha a kwana 7 da suka wuce, ya kuma adana kwalbar da lambar haɗinta, domin ita ce shaidarsa in rigima ta taso, ana kuwa iya ajiye fitsarinsa a sake aunawa har shekara 10. Rayuwar ɗan wasa a fage gajeriya ce, dakatarwar shekara 2 ko 4 tana iya cinye mafi kyawunta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.